Ƙasar da Na Sa Wa Hannu

Litinin, 3 ga wata, 5:40 na yamma

Yau aiki ya tsaya a fili na biyu tun kafin azahar. Dogo, direban katafila, shi ya kashe injin ya zo har kwantenar da muka mayar ofis yana toshe hanci da hularsa. Ya ce, "Injiniya, zo ki gani da idonki. Shekarata goma sha tara ina haƙa, ban taɓa tono ƙasa mai wannan kalar ba."

Na je. Ramin fandisho ne, wato harsashin gini, na gida mai lamba arba'in da ɗaya. Daga sama jar ƙasa ce, wadda aka kawo da tifa aka shimfiɗa. Daga rabin mita zuwa ƙasa kuwa baƙa ce wuluk, tana ɗan ƙyalli kamar an barbaɗa mata garin gilashi. Ga fasassun robobin batur, ga wani duro da tsatsa ta gama da shi, haƙorin katafilar ya huda cikinsa. Warin mai tsami ne, yana kama maƙogwaro.

Ba wanda bai sani ba, a da wurin nan masana'anta ce ta narka tsofaffin batura ana fitar da dalma. Da ta mutu kamfaninmu ya sayi filin ya raba shi biyu. A fili na ɗaya an gina gidaje talatin da biyu, mutane sun tare shekara biyu ke nan. Ni ce mai awon ƙasa ta kamfanin.

Na ɗebi samfur shida, na ƙulle a leda, na rubuta lambobi. Na hana lebura shiga ramin. Manaja ya ce kada in tayar wa mutane hankali, wataƙila gawayi ne.

Ba gawayi ba ne.

Talata, 4 ga wata, 1:15 na rana

Na kai samfurin ɗakin gwaji. Malamar da ke karɓa ta ɗaga leda ɗaya tana dubawa ta saman tabarau.

"Daga ina?"

Na faɗa mata.

"Ba ke kika kawo min na fili na ɗaya ba, waccan shekarar? Ai waɗancan ja ne."

Na ce eh, ja ne. Ta rubuta a littafinta, ta ce in dawo ranar Litinin.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Fatar hannuna ta fara tsagewa saboda yawan wankewa.

Alhamis, 6 ga wata, 4:30 na yamma

An rufe ramin da tamfol, an danne da bulo. Manaja ya mayar da Dogo can ƙarshen fili yana share ciyawa.

Baba mai gadi ya kira ni da zan fita. Tsoho ne, tun zamanin masana'antar yake tsaron ƙofar nan, an sayi filin da shi kamar bishiya. Ya ce, "'Yata, wannan da kuka tono ai ɗan gefe ne. Babban ramin da ake zuba toka ba nan yake ba."

Na ce ina yake?

Ya ɗaga sandarsa ya nuna min ta saman katanga, wajen da tankunan ruwa suke jere a kan rufin sababbin gidaje.

Na ce masa na gode. Na zauna a mota minti ashirin ban kunna ta ba.

Yayana yana can fili na ɗaya, gida mai lamba goma sha bakwai.

Juma'a, 7 ga wata

Ban kira Yaya ba.

Asabar, 8 ga wata, bayan la'asar

Na je gidan Yaya, ba shiri, na ce wucewa nake. Ya tare ni da tsokanarsa ta kullum. "A'a, Injiniyar tono! Yau wace ƙasa aka ɗanɗana?" Tun da na gama karatu yake cewa an kashe min shekara biyar a jami'a don in koyi abin da kaza take yi kyauta.

Ya ja ni bayan gida in ga lambunsa. Tumatir, alayyafo, attarugu, duk sun yi kyau abin haushi. Ya haƙa ramuka uku zai dasa mangwaro. Ya ce, "Kin ga ikon Allah, sama ja ce marar amfani, amma da ka yi ƙasa kaɗan sai baƙa. Ita na baza a lambun. Taki kyauta!"

Tarin ƙasar yana jikin katanga. Gimbiya, 'yarsa, tana zaune a kai da gwangwanayen madara uku tana yi mana girki. Shekararta uku da wata biyu. Ta miƙo min gwangwani, "Gwaggo, ci." Bakinta duk baƙi.

Ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Na kai ta famfo na dinga cuɗa hannuwanta da sabulu har ta fasa kuka. Anti, matar Yaya, ta fito da gudu daga kicin da ludayi a hannu.

"Ke lafiya? Ƙasa ce fa. Wane yaro ne bai ci ƙasa ba?"

Na ce akwai tsutsa a irin wannan.

Anti ta ce ai kuwa ƙila tsutsar ce, don kusan wata biyu ke nan yarinyar ba ta son abinci, kullum cikina cikina, ga rigima ba dalili. Har an ba ta maganin tsutsa sau biyu. Ta ce, "Kuma waƙoƙin nan da take yi da, duk ta bar su."

Da za su raka ni na ce na manta wayata a baya. Na koma na cika ledar burodi da ƙasar lambun na tura a jaka, kamar ɓarauniya.

Yaya ya ba ni tumatir cike da roba. Suna but ɗin mota. Ban san inda zan zubar ba.

Lahadi, 9 ga wata

Hadari tun safe, bai zubo ba.

Litinin, 10 ga wata, 2:00 na rana

Sakamako ya fito. Malamar ba ta miƙo min ta taga ba yadda ta saba, ta buɗe ƙofa ta ce in shigo in zauna. Mafi ƙanƙanta cikin shidan ya ninka abin da doka ta yarda a gina gidan zama a kai sau goma sha ɗaya. Mafi girma sau arba'in da wani abu.

Na ciro ledar burodin. Na roƙe ta ta yi min wannan cikin gaggawa.

"Wannan kuma na wa?"

Na ce na wani ne.

Talata, 11 ga wata, 12:20 na rana

Mun yi zama da Manaja, ƙofa a rufe. Na jera masa abin da ya kamata: a dakatar da gini, a sanar da hukumar kula da muhalli, a huda ƙasa a zurfi daban-daban a filayen biyu, a auna ruwan burtsatse. Inda ya ɓaci a kwashe a kai wurin da aka tanada don irinsa, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba sabuwar ƙasa aƙalla mita guda. A gwada jinin yara.

Ya bar ni na gama. Mutum ne mai sanyin magana, bai taɓa ɗaga min murya ba. Ya ce fili na biyu kankare zai rufe shi ruf, ba mai taɓa ƙasar. Na ce fili na ɗaya fa?

Ya buɗe durowa ya fito da wani fayil shuɗi, ya juyo min shafin ƙarshe.

"Fili na ɗaya ai an auna. Ga shi an ce lafiya lau. Hannun wa ke nan, Injiniya?"

Na tsura wa sa hannuna ido.

"Ni ban san dalma ba, bulo na sani. Abin da masana suka rubuto min shi na bi. In aka tono maganar nan, ki yi tunanin wa za a fara tambaya." Ya rufe fayil ɗin. "Ki je ki huta, kin rame."

Talata, bayan magariba

Ranar da zan yi awon fili na ɗaya injin huda ƙasa ya lalace. Gaskiya ne wannan, kowa ya gani. An ce sai mako uku za a kawo wani, ga masu saye suna jiran takardar izini. Ni kuma a lokacin watana huɗu da kama aiki.

Ba zan rubuta sauran ba yau.

Laraba, 12 ga wata

Ban kira Yaya ba. Shi ya kira, ban ɗauka ba. Ya turo saƙo wai ya tumatir.

Alhamis, 13 ga wata, 6:50 na safe

Da shebur na ɗebi samfurin fili na ɗaya. Zurfin tafin hannu biyu, bai fi ba. Na san jar ƙasar kawo ta aka yi, a gabana tifofi suka juye ta. A takarda na rubuta zurfin da ya kamata, ba wanda na kai ba. Na ce a raina in injin ya zo zan sake. Injin ya zo, aka tura ni wani aikin.

Da Yaya ya yi ritaya yana neman inda zai zauna, ya tambaye ni, ba wurin batur ba ne nan? Na ce, "Yaya, saya. Ni na auna."

To, na rubuta.

Alhamis, 3:10 na yamma

Ledar burodi: ninki ashirin da shida.

Juma'a, 14 ga wata, 11:30 na safe

Na ce wa Anti akwai wata likitar yara da na sani, bari in kai Gimbiya a duba cikin nan. Ta ji daɗi, har ta sa mata sababbin takalma. A mota yarinyar ba ta yi magana ba, ta jingina kai da gilashi. A da in na ɗauke ta ba ta barin rediyo ya yi magana.

Na gaya wa likitar abin da nake so a gwada. Ta dube ni, ta tambayi inda suke zaune, da abin da ke wurin a da. Da aka soka allurar Gimbiya ba ta yi kuka ba, kallona kawai take.

Sakamako sai Talata.

Asabar, 15 ga wata

An yi ruwan farko, mai ƙarfi. Ina tsaye a taga ina tunanin inda ruwan lambun nan yake gangarawa.

Litinin, 17 ga wata, 9:00 na safe

Ramin arba'in da ɗaya babu shi. Babu tamfol, babu duro, babu tarin baƙar ƙasar da ke gefe. An cike da ja, an daddaɓe, har an ja igiyar fandisho.

Baba mai gadi ya ce jiya Lahadi aka yi, da rana tsaka, ba kowa a fili. Tifa tara ya ƙirga. Ya ce an kira Dogo ya ƙi zuwa, sai aka ɗauko wani direban daga waje.

Na sami Dogo zaune a inuwar katafilarsa. Ya ce an sallame shi, makulli ya zo bayarwa.

"Ina aka kai ƙasar?"

"Wallahi ban sani ba, Injiniya. Amma masu tifa ba sa zubar da ƙasa a banza. Damina ta kama, kowa ciko yake nema." Ya ce zai bincika, ya san biyu daga cikin direbobin.

Manaja ya wuce ni a baranda ya ce, "Ina kwana, Injiniya, ya gajiya?"

Talata, 18 ga wata, 5:00 na yamma

Likitar ta kira ni da kanta. Ta ce a kawo yarinyar yau, ba gobe ba, kuma kada ta sake kwana a gidan. Ta ce akwai maganin da ke janye dalma daga jini, za a fara. Na tambaye ta ko komai zai dawo yadda yake. Ta ce, "Za mu hana ta ƙaruwa. Wanda ya riga ya taɓa, sai a hankali za a gani." Ta ce a gwada uwar ma. Sai a asibiti na ji ashe Anti ciki gare ta, wata uku. Ban sani ba.

Na sami Yaya a lambu yana ɗaure tumatir da tsumma. Na faɗa masa a tsaye. Duka, har shebur ɗin.

Bai yi faɗa ba. Ya goge hannunsa a riga, sai ya dubi hannun, ya dubi rigar.

"Tun yaushe kika sani?"

"Na ramin, sati biyu."

"Ranar da kika zo kika wanke mata hannu, kin sani?"

"Ina zargi."

"Kika karɓi tumatir kika tafi. Kika bar ta kwana goma a kai."

Na ce, Yaya. Ya ce, "Kada ki kira ni." Ya shiga ciki. Na ji Anti tana tambaya, sai na ji ƙarar wani abu ya faɗi a kicin.

Ni na kai su asibiti don motarsa tana wajen bakanike. A hanya Gimbiya ta ce takalminta ya matse ta.

Laraba, 19 ga wata, 1:40 na rana

Na je hukumar kula da muhalli. Hawa na uku, lifta ba ta aiki. Sufeton da aka tura ni wajensa dattijo ne, fankar ofishinsa tana ƙara kamar injin niƙa. Na ajiye masa sakamako bakwai, da takardar likita, da kwafin fayil ɗin nan shuɗi.

Ya karanta a hankali yana bi da yatsa. Ya kai shafin ƙarshe ya tsaya.

"Wannan sunan da na katinki ɗaya ne."

Na ce ɗaya ne.

"Kin san abin da kika kawo wa kanki? Lasisinki zai tafi. Wataƙila ya wuce nan."

Na ce na sani.

Sai ya ce su ma hatiminsu yana kan takardar, kuma ba wanda ya taka ƙafa ya je filin a lokacin. Ya ce injin awonsu ɗaya ne, yana wani gari, amma zai sa a dawo da shi. Ya tambayi gida nawa ke da ƙananan yara. Ban sani ba. Shekara biyu ina shiga unguwar nan, ban taɓa ƙirgawa ba.

Alhamis, 20 ga wata

Takardar dakatarwa daga kamfani. Layi uku. An karɓe makullin kwantena.

Juma'a, 21 ga wata

Na je asibiti, na tsaya a baranda. Anti ta fito ta karɓi kular abincin ba ta dube ni ba. Ta juya za ta shiga sai ta ce, "Tana tambayarki." Ta rufe ƙofa.

Litinin, 24 ga wata, 6:15 na yamma

Hukuma ta zo. An sa jan fenti a ƙofar fili na biyu, an ɗaure da sarƙa. A fili na ɗaya Sufeto ya tara masu gidaje a ƙarƙashin rumfar ajiye motoci. Ya roƙe ni in zo don ni na san inda bututu da wayoyi suka bi.

Ya yi musu bayani. Kada yaro ya yi wasa a ƙasa. A daina cin abin da aka shuka. A bar takalma a waje, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, kada a yi shara. Ruwan burtsatse a dakata da sha sai an auna. Za a kawo ma'aikatan lafiya su ɗebi jinin yara da masu ciki. Yara arba'in da uku ne. Yanzu na sani.

Wani tela da ke lamba shida ya ce, "Mu da aka nuna mana takarda? Wa ya ce wurin lafiya lau ne?"

Sufeto ya fara cewa ana bincike. Na ɗaga hannu na ce ni ce.

Na ɗauka za a yi ihu. Da an yi da ya fi min. Wata mata mai goyo ta matso har ina jin numfashinta, ta ce, "Kina da 'ya'ya?" Na ce a'a. Ta gyaɗa kai, ta gyara goyonta, ta koma inda take.

Yaya yana can baya, jingine da ginshiƙi. Bai dube ni ba, amma da telan ya fara matsowa yana nuna ni da yatsa, na ga ya taso ya tsaya a tsakani, ya ba ni baya. Da aka watse ya tafi.

Manaja bai zo ba. An ce ya yi tafiya.

Talata, 25 ga wata

An fara huda. Mita ɗaya, mita biyu, mita uku. A lamba goma sha biyar har mita huɗu baƙa ce. Sufeto ya ce kwashewar za ta ci wata takwas in an samu yadda ake so, kuma gidaje biyar na tsakiya ƙila sai an rushe. Har yanzu ba a san wanda zai ɗauki nauyin aikin ba. Lauyan kamfani ya rubuto cewa laifin ma'aikaciya ɗaya ne.

Laraba, 26 ga wata, 4:00 na yamma

An sallami Gimbiya, za a riƙa kai ta duk sati. Suna gidan ƙanwar Anti, su biyar a ɗaki biyu. Dalmar da ke jinin Anti ba ta kai ta yarinyar ba, amma akwai.

Sakamakon yara goma sha biyu na farko ya fito. Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 27 ga wata, 7:30 na safe

Dogo ya kira. Ya gano tifa shida cikin tara. Huɗu an cike wani kwari a bayan gareji. Biyu ya ce gara ya nuna min, ba a waya ba.

Alhamis, 11:45 na safe

Tafiyar minti ashirin ce daga filin. Lungu ne mai kwata a tsakiya, mota ba ta shiga, muka taka. Dogo ya tsaya a wata ƙofa mai shuɗin fenti, an zana mata agwagwa da haruffa.

Makarantar rainon yara ce. Shugabar ta tare mu da fara'a, ta ɗauka wurin yaro muke nema. Ta ce a da duk damina ruwa yana kwanciya a tsakar makarantar, yara ba sa iya fita, sai Allah ya haɗa ta da wani mai tifa mai kirki. Kwana goma ke nan. Ta ce, "Ku zo ku gani, har na sa an baje."

An baje ta lumui daga bakin aji har jikin lilo.

Na kira Sufeto, yana hanya. Na roƙi shugabar kada ta buga ƙararrawar fita wasa. Ta dubi agogon hannunta, ta dube ni, ta yi 'yar dariya.

"Ai sun riga sun fita sun dawo. Yanzu abinci suke ci."